Kamfanin samar da aiki na wajen Zoo Road: jarabawarsu ba son kai, sharuɗɗan ne matsala

Masu tambayata kan kamfanin nan da ke nema wa mutane aiki a wajen Zoo Road a Kano, to ga abin da na gani, sunansu ne dai ba zan kama ba. Aikinsu shi ne masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da manyan kantuna da asibitocin kuɗi da makarantu masu zaman kansu su ce musu muna son kashiya ko akanta ko mai kula da sito, su kuma su tace mutane su tura musu.

Abu na farko da ya burge ni ba kuɗin fom, ko sisi ba su karɓa a hannuna ba, wai kamfanin da ya ɗauki mutum shi yake biyansu. Duk wanda ya taɓa faɗawa hannun ejan ɗin nan masu cewa kawo na fom, kawo na kati, in an ɗauke ka kuma rabin albashin farko nasu ne, ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma lasisinsu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yana rataye a bango, doka ta ce sai da shi ake wannan sana'ar, don haka duk ofishin da kuka shiga ku fara dubawa.

Jarabawar kuwa wallahi sun yi ƙoƙari. Lamba ake ba ka maimakon suna, a kwamfuta ake yi, lissafi da Turanci da ɗan aikin Excel, kana gamawa makinka ya fito kana kallo. Ba wanda ya tambaye ni wa ya turo ki, ba wanda ya nemi takardar indijin, a benci ɗaya muka zauna da 'yan Sabon Gari da 'yan cikin gari kowa da lambarsa a hannu. A garin da kowa ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ganin haka sai da ya sa na ji wani sanyi a raina. Aikin gwamnati ai kun san yadda yake, sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙamai yadda kowane yanki zai samu, har hukuma guda aka kafa ta raba daidai, manufar mai kyau ce amma a aikace mutum an haife shi a Fagge ya girma a Fagge sai a ce ya tafi garin kakansa ya samo takarda. Nan babu wannan wahalar.

To bayan ka ci jarabawa ne labari yake canjawa. Za a kira ka wani ofis a karanto maka guraben da ke ƙasa, kuma kowane gurbi da sharaɗinsa, wannan kada a wuce shekara 26, wancan mace amma mara aure, wani kuma namiji kawai alhali aikin zama ne gaban kwamfuta ba ɗaukar buhu ba.

Maganar shekarun nan ta fi komai ci mini rai. Wanda ya yi BUK ko wata jami'ar gwamnati a 'yan shekarun nan ya sha yajin aikin ASUU na 2020 da ya haɗu da korona, ya ƙara shan na 2022 da aka fara a Fabrairu sai Oktoba aka janye, wata takwas cur a gida, ga jiran adimishan tun farko ga shekarar bautar ƙasa, ta ina zai fito da 26? Ita kanta NYSC har mai shekara 30 tana ɗauka. A fakaice dai sharaɗin yana cewa ne wanda iyayensa suka iya biyan jami'ar kuɗi shi ake so. Kuma abin haushin, sashe na 42 na kundin tsarin mulki da ya hana nuna bambanci ya lissafo ƙabila da asalin gari da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci shekaru ba, ta wannan ƙofar suke wucewa hankalinsu kwance.

Na mara aure kuwa sai da na yi magana. Na ce wa matar da ke kan tebur, Anti wannan sharaɗin fa? Ta ce ƙanwata ba mu ba ne, mai kamfani ne ya ce haka, wai matan aure yau awo gobe haihuwa jibi yaro ba lafiya. Na ce to Anti mazan ana tambayarsu ko suna da aure? Ta yi dariya ta ce ke ma kin san amsa. Mutuniyar kirki ce, ba ta yi mini wulaƙanci ba, amma abin da ake gudu a fili yake, sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba mace hutun haihuwa na sati 12, in ta yi wata shida tana aiki kuma dole a biya ta aƙalla rabin albashi a lokacin hutun. Maimakon a biya sai a toshe ƙofar tun daga waje. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana da hurumin sauraron irin wannan ƙarar tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, kuma tana da reshe a nan Kano, sai dai wadda ba ta da aikin yi da me za ta ɗauki lauya, kuma da wace hujja, tunda sharaɗin da baki ake faɗa maka, ba ya cikin tallar da suke sawa a Facebook ba ya kan kowace takarda.

Abin da ya sa ban yarda da wannan ba mu ba ne ɗin ba shi ne maganar gwajin asibiti. Da na tambaya ta ce su ba sa yarda a sa gwajin cutar ƙanjamau cikin sharaɗi ko da kamfani ya nema, saboda dokar 2014 ta hana a yi wa mutum wannan gwajin a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Madalla, na yaba musu. Amma kenan sun san doka kuma suna iya ce wa mai kamfani a'a in sun ga dama. To me ya hana su faɗi a'ar nan a kan matan aure? Ni a ganina inda suke jin tsoron hukunci nan suke taka burki, inda suka san ba mai bibiya kuma sai su ce umarnin mai kamfani ne.

Sannan ofishin a hawa na biyu yake, matakala ce ƙunci ba lifta. Ƙanin mijina da shan inna ta taɓa wa ƙafa yana da difloma a akanta, sai da samari biyu suka tallafe shi aka hau da shi, ransa bai so ba sam. Dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya wuce tuni. Kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da dokar ta ware musu kuma na hukumomin gwamnati ne, don haka nan ba mai tilasta wa kowa. Ya ci jarabawa da maki mai kyau, kiran intabiyu ne har yanzu shiru.

Wajen takarda ba laifi, maƙwabciyata da suka samar wa kashiya tun satin farko aka ba ta takardar kama aiki, alhali doka wata uku ta bayar. Albashi ne wasu guraben ba su kai N70,000 na mafi ƙarancin albashin 2024 ba, in ka yi magana a ce ma'aikatan wurin ba su kai 25 ba don haka dokar ba ta hau kansu ba.

In kai saurayi ne ko budurwa, shekarunka ba su ja ba kuma ba ka da kowa a sama, je ka gwada, za a duba makinka tsakani da Allah. Matan aure da waɗanda yajin aiki ya cinye wa shekaru ku ma ku je tunda kyauta ne, amma ku tambayi sharuɗɗan guraben tun a ƙofa kafin ku ɓata wuni kuna jarabawa. Ku tafi da CV da kwafin satifiket da na NYSC, kuma da sassafe, in rana ta ɗaga layi har bakin matakala yake kaiwa.