Man Hydrocortisone 1% na Kantunan Magani a Jidda

Ga ƙaiƙayi da jan fata mai sauƙi, wannan man ya cancanci kuɗinsa. Sinadarinsa shi ne kotizol, wato wani sinadari da jiki da kansa ke ƙerawa daga kolestarol, wani nau'in kitse. Da yake yana narkewa cikin kitse, sai ya ratsa bangon ƙwayar halitta, ya kama makarɓinsa (furotin da ke karɓarsa) a ciki, su shige cibiyar ƙwayar tare su rage sinadaran kumburi. Shi ya sa sai bayan sa'o'i ake jin sauƙi.

A shafa kaɗan, sau 1 ko 2 a rana, kada a wuce kwana 7 ba da izinin likita ba. Makero da kyasbi ƙara bazuwa suke yi da shi. Kuma don Allah Hajiya, kada ki haɗa shi da clobetasol, sinadari irinsa amma mai ƙarfi sosai na man bilicin, wanda ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana.