Wajen sarrafa kwamfuta daga nesa: barin manhaja ta nemo kwamfutoci, ko rubuta adireshin IP (lambar da ake gane kwamfuta da ita a hanyar sadarwa) da hannu?

Hanya ta farko ta fi sauƙi. Manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa takan yi shela a cikin hanyar sadarwar, kwamfutocin da suka ji su amsa, sunayensu su bayyana. Na'urorin Mac suna yin haka ta Bonjour, tsarin Apple na gano na'urori da ke amfani da mDNS, a tashar UDP 5353. Sai dai shelar ba ta tsallake rawuta, wato na'urar da ke haɗa sassan hanyar sadarwa: kwamfutar da ke 192.168.1.x ba za ta ga wadda ke 192.168.2.x ba. Wi-Fi na baƙi ma yakan hana na'urori ganin juna, haka Windows idan an saita haɗin a kan Public.

Hanya ta biyu kuwa, a buga umarnin ipconfig a kwamfutar Windows da ake nema, a ɗauki adireshin IPv4, a shigar a manhajar. Cikin tsarin sarrafawa daga nesa, RDP yana amfani da tashar 3389, VNC kuma 5900. Dole Firewall, wato katangar tsaron kwamfuta, ya bar su a buɗe. Matsalarta DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, domin adireshi yakan sauya bayan an kashe na'ura. Maganinsa a keɓe wa kowace kwamfuta adireshinta a rawuta.

Ga ofis mai sassa da yawa, ta biyun ta fi aminci.