Koci ko mai cafewa, wa zai zaɓi jifa a besbol?

Ɗan'uwa, kan tambayarka ta wa ya kamata ya riƙa zaɓar jifa a ƙungiyar yaranku: ka bar wa mai cafewa.

Ɗana na biyu tun yana ɗan shekara 12 yake mai cafewa, wato mai tsugunawa bayan mai duka, a nan Amurka. Ranar da kocinsu ya fara sakar masa ragama ina zaune dab da raga. Ɗan nawa ya lura wani mai duka ya matso da ƙafarsa gaba kaɗan, alamar jifa mai lanƙwasa yake jira. Sai ya sauke yatsa ɗaya tsakanin gwiwoyinsa, ya nemi jifa mai gudu, kusa da jiki. Kafin mai dukan ya kai sanda, ƙwallo ta shige. Daga benci babu wanda ya ga wannan ƙafar. Kuma tafin hannun mai cafewa ne ke fara shaida masa mai jifa ya gaji, tun kafin kowa ya ankara. Irin wannan ido mai cafewa Yadier Molina ya yi suna da shi a ƙungiyar St. Louis Cardinals daga 2004 zuwa 2022. Shi da mai jifa Adam Wainwright wasa 328 suka fara tare, sanin juna kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Koci kuwa, to, yana da takardun bayanan kowane mai duka, shi ya sa a yawancin jami'o'in Amurka shi ke zaɓar jifa. Idan yaro sabo ne fil, ba laifi na ɗan lokaci.

Na taɓa saya wa ƙungiyar na'urar ɗaurawa a hannu don saƙo ya riƙa zuwa daga benci, na kuma yi da-na-sani. Yaran suka daina kallon mai duka, ido na kan hannu. Ko a babbar gasar MLB, da aka kawo na'urar aika alamar jifa ta PitchCom a 2022 bayan satar alamun da 'yan ƙungiyar Houston Astros suka yi a 2017 da kyamara da buga kwandon shara, galibi mai cafewa ne ke danna maɓallin.

Ka yi hattara da masu tallar irin waɗannan na'urori a intanet. Za su ce maka an yarda da ita ko'ina, alhali kowace gasa da dokarta. Wanda na saya a wurinsa, batirin bai kai ƙarshen wasa ba, da na nemi canji ya daina amsa waya. Ka fara tambayar masu shirya gasarku kafin ka fitar da ko sisi.

Kuɗin ka saya wa yaron hular kariya mai kyau. Shi kuma koci ya zauna da shi duk lokacin da suka dawo benci, ya tambaye shi dalilin kowace jifa da ya nema.