Gem na ƙamewa bayan sauya katin hoto: wane akwatin wuta za ka saya?

Ka sa sabon katin hoto, gem ya buɗe lafiya, sai wasa ya yi zafi hoton ya ƙame, sauti ya maƙale yana gurnani, wani lokacin ma kwamfutar ta mutu ta tashi da kanta. Kafin ka taɓa aljihu, goge tsofaffin direbobin kati, wato manhajojin da ke sa kwamfuta ta yi aiki da shi, da manhajar DDU, kyauta ce, ka ɗora sababbi. In abin bai daina ba, galibi wuta ce ta yi kaɗan, wato akwatin wutar da masu gyara ke kira fawa saflai.

Masu cewa ka ƙara ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ƙyale su. Ram ɗin da ta yi aiki jiya ba za ta lalace yau don kawai ka sauya kati ba.

Katin GTX 1060 wat 120 yake sha, RTX 3080 kuwa 320, shi ya sa Nvidia, kamfanin da ya yi su, ta ce a haɗa shi da akwatin wat 750. Manyan katunan nan kuma sukan fizgi wuta farat ɗaya fiye da abin da aka rubuta musu, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tsohon akwati sai ya ga kaya sun fi ƙarfinsa ya yanke wuta.

Ni dai Seasonic Focus GX nake nuna wa kowa, mai wat 750 ko 850, samfurin da aka rubuta wa ATX 3. Wannan ƙa'ida da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa irin wannan akwati jure fizgar da ta ninka ƙarfinsa sau biyu na ɗan taƙaitaccen lokaci, ainihin ciwon da muke nema wa magani ke nan. Garantinsa shekara 10 ne, wayoyinsa duka ana cirewa, fankarsa tana iya yin shiru in aiki ba nauyi. Kamfanin kuma shi yake ƙera kayansa, har ya ƙera wa wasu su manna sunansu. Corsair RMx ba laifi, amma wani ne ke ƙera musu. Akwati mai tambarin Bronze, ɗaya daga ƙananan matakan tambarin 80 Plus, zai riƙe RTX 3060 mai wat 170, kada dai ka ɗora masa babba. Wanda ake bayarwa kyauta tare da gidan kwamfuta kuwa, ko kallonsa kada ka yi.

Jabu shi ne babban tashin hankali. Wani akwati marar suna da aka rubuta wa wat 800 ya taɓa cika mini ɗaki da ƙauri, ya tafi da madabod ɗina, wato babban allon da ake jona komai a cikin kwamfuta, tun daga nan nauyi nake fara dubawa. Ɗaga shi da hannu: na kirki da nauyi, jabu kamar gwangwanin da ba komai ciki. Karanta takardar gefensa ka ga wat nawa layin 12V ke bayarwa, don daga nan kati ke sha. Tambarin 80 Plus kuma ƙarancin asarar wuta kawai yake nunawa, ba inganci ba, ga shi maƙaryata na buga shi su manna. Nemi sunan samfurin a jerin masu ba da tambarin a intanet, in babu, bar musu kayansu.

Katin ma kansa yana iya zama jabu. Ana ɗaukar GTS 450 na 2010 a sauya masa suna zuwa GTX 1050 Ti, gem na neman ma'ajiyar da babu sai ya faɗi. Manhajar GPU-Z takan rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan, ka buɗe ta kafin ka biya.

In sabon akwati ya zo, kada ka yi amfani da wayoyin tsohon ko da bakinsu ya shiga daidai, tsarin cikinsu ya bambanta, kuma suna ƙona kaya. Kowane soket mai ƙafa 8 a jikin kati wat 150 aka ƙayyade masa, ka ja masa wayarsa daban daga akwatin.