Hattara da masu tallan tallafin koyon tuƙin jirgin sama

Jama'a, don Allah ku isar da wannan ga iyaye da matasa. Wasu 'yan damfara na yawo a WhatsApp da Facebook da sunan wani babban kamfanin jiragen sama na ƙasashen Larabawa, wai zai ɗauki nauyin karatun matasa kyauta har su zama matuƙa jirgi.

Ɗan yayata ya faɗa tarkonsu. Yaro ne da tun yana ƙarami, da ya ji ƙarar jirgi sai ya fito tsakar gida ya ɗaga kai har ya ɓace masa. Suka turo masa takarda da tambari da hatimi, suka yi masa 'yan tambayoyi ta waya, washegari suka ce ya yi nasara. Sai kuɗin fom, sai na gwajin lafiya, sai na biza. Uwarsa har 'yan kunnenta na zinare ta sayar. Ranar da ta nuna mini rasit na ce, "Yaya, kin duba sunan da ke kan asusun nan?" Sunan mutum ne. Da muka kira, layin a kashe.

Abin da ke rufa musu asiri shi ne, irin wannan tallafi akwai shi da gaske, amma da sharuɗɗa. Kamfanin British Airways ya buɗe shirinsa a 2023, inda a lokacin ya ce zai biya wa mutum 60 a shekara horon da ya kai kusan fam 100,000, sai dai dole kana da izinin zama da aiki a Birtaniya. Na kamfanin Emirates kuwa 'yan ƙasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa aka ware wa. Ɗalibai 100 da Kano ta tura Jodan zamanin Kwankwaso, gwamnati ce ta biya, kowa kuma ya ji a rediyo.

Gwajin lafiyar matuƙi ma, likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta amince da shi ne ke duba ido da kunne da bugun zuciya, kana zaune gabansa. Wa zai yi maka wannan ta waya?

Mai son wannan karatu ya taka da ƙafarsa zuwa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Zariya, wadda take nan tun 1964, ya ji daga bakinsu. Wanda ya riga ya tura kuɗi kuwa, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan, sannan ya kai ƙara EFCC da rasit da hotunan hirar. Kada ya goge komai.