Sharhi: Bitar Kalkulas ta Rukuni da Ake Yi Lokacin Hutu

Manyan ɗalibai 'yan aji uku da huɗu a fannin lissafi ne ke shirya wannan bita idan an yi hutun jami'a, a ajin firamaren wani ƙauye da ke ƙasar Kafin Hausa. Ta ƙannensu ce masu shirin ɗaukar MTH 102, wato kwas ɗin kalkulas na 'yan aji ɗaya, da waɗanda suka faɗi kwas ɗin za su maimaita. Makonni shida aka yi, na zauna duka. Tana da amfani ƙwarai, amma ga wanda ya cika sharuɗɗanta kaɗai.

Zama biyu ne a mako, awa biyu-biyu bayan La'asar, mutum huɗu a kowane rukuni. Ana tura tambayoyi takwas ta WhatsApp saura kwana biyu. Sharaɗin shiga aji shi ne ka taɓa aƙalla biyar, ko da ba ka samu amsa ba, kuma a bakin ƙofa ake duba littafi. Fashi uku, an soke sunanka. Kayan aiki kuwa littafi guda na wannan bita kaɗai, fensir, da kalkuleta irin ta kimiyya. Waya a aljihu.

Abin da ke ba sababbi mamaki shi ne jagora ba ya riƙe alli. Yana zagayawa ne yana tambaya: "Ɗan'uwa, ina ka samo wannan 3 ɗin?" Wanda ya zo kwafar amsa daga allo zai koma gida da haushi. Tsarin ba sabo ba ne. Irinsa Uri Treisman ya fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarshen shekarun 1970, bayan ya lura cewa masu haɗuwa su yi lissafi tare sun fi masu kulle kansu a ɗaki cin jarrabawa.

Inda rukuni ya fi amfani shi ne kama ƙananan kurakuran da mutum ba ya gani a aikinsa. A limit (lambar da amsa ke dosa) ɗin (x² − 9)/(x − 3) idan x ya doshi 3, ɗalibi zai saka 3 ya ga 0/0 ya ce babu amsa. Na kusa da shi ya nuna masa saman (x − 3)(x + 3) ne, a soke, a samu 6. A difaranshiyeshan (auna saurin canji) ɗin sin 3x, da yawa cos 3x suke rubutawa su bar 3 ɗin gaba, don sun haddace ka'idar sarƙa ba su gane cewa akwai abu a cikin abu ba. Sai rigimar kalkuleta: biyu sun gwada sin x/x da ƙaramar lamba, ɗaya ya samu kusan 1, ɗaya 0.01745. Ba wanda ya yi kuskuren dannawa. Kalkuleta ta biyun tana kan digiri ce, alhali ka'idojin kalkulas a radiyan aka gina su.

Tambayar da ta fi burge ni ita ce ta mai lambu da ke da wayar shinge mita 40 zai kewaye fili a jikin katanga, yana son fili mafi girma. Kusan kowa ya ce a raba uku daidai, wanda ke ba da kimanin murabba'in mita 178. Da aka kira tsawon kowane gefe x, aka rubuta girman filin a matsayin x(40 − 2x), aka yi masa difaranshiyeshan, aka samu 40 − 4x = 0, sai ga x = 10: gefe biyu mita goma-goma, gaba mita 20, murabba'in mita 200. 'Ya'yan manoma ne, an daɗe ana musu kafin a yarda.

Yanzu ga naƙasu. Babba shi ne an ɗauka kowa ya iya aljebra, kuma ba haka ba ne. Wanda bai iya tara 1/x da 1/(x + h) ba ba zai fitar da komai daga tushe ba, rabin lokacin rukuni a nan yake tafiya. Kamata ya yi makon farko ya zama na aljebra da tirigonometiri zalla. Na biyu, idan aka bar ɗalibai su zaɓi abokan zama, gwani ɗaya ne zai yi aikin, ukun su zama 'yan amin. Sai a mako na uku aka fara kiran kowa ba zato ya yi wa aji bayani, nan take lamarin ya gyaru. Ɗalibai mata da suka yi shiru a farko su ma sai a lokacin aka ji muryarsu.

An kuma cusa intagireshan, kishiyar difaranshiyeshan, a makon ƙarshe, zama biyu kacal, shi ya sa har aka tashi ana manta + C ɗin da ake ƙarawa a ƙarshen amsa. Ajin babu wuta, hadari na haɗowa allo ya daina ganuwa. Hoton tambayoyin ma kan iso a dushe, x² ya koma kamar x³, don haka ka kwafe su da hannu ka gwada da na wani kafin ka ɓata dare a kan tambayar da ba a yi ba.