Ƙaramin bayolin na yara, girman 1/4: jikinsa ba laifi, amma sai an gyara saitinsa

Kayan da nake magana a kai su ne ƙunshin nan mai araha da ake haɗa wa yara masu fara koyon goge irin na bayolin: gogen kansa mai girman 1/4, sandar izga, dunƙulen ƙaro, matokarin kafaɗa da akwatin ajiya. Na yi amfani da shi wajen koyarwa, kuma a ganina ya isa a fara da shi, sai dai kada a miƙa wa yaro yadda ya fito daga kwali.

A fara tabbatar da girman. Yaro ya miƙe hannun hagu, a auna daga wuyansa zuwa tsakiyar tafi. Idan an samu wajen santimita 47 zuwa 51, to 1/4 ne nasa. In ya ɗora gogen a kafaɗa, yatsunsa su iya naɗe kan gogen, gwiwar hannu kuma ta ɗan lanƙwashe. Sayen babba don wai zai girma ya cike shi kuskure ne, domin kafaɗa da wuyan hannu ne za su sha wahala.

Babban aibin kayan nan yana wurin jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya huɗu suke hawa. Ya zo da tsawo fiye da kima, ga kauri. A babban bayolin ma, tazarar tsirkiyar E, wato mafi siranta, daga ƙarshen baƙin katakon da yatsu ke dannawa ba ta wuce kusan milimita 3.5, ta G, wato mafi kauri, kuma 5.5, ƙarami kuwa ya kamata ya gaza haka. Wannan ya zarce, shi ya sa ɗan yatsan yaro ba ya iya danne tsirkiya har ƙasa, sauti ya fito a shaƙe, a ce yaron ne ba ya ƙoƙari. Wannan yana damuna ƙwarai, don yara da yawa a nan suke karaya. A kai wa mai gyara ya rage jakin, ya daidaita ƙafafunsa da 'yan tsagin ciki na ramuka biyu masu siffar f da ke fuskar gogen. Kuma duk lokacin da aka ɗaure tsirkiya jakin yakan karkata gaba, sai a riƙa mayar da shi a hankali da hannu biyu.

Turakun ɗaure tsirkiya suna zamewa. Maganinsa shi ne a riƙa tura turke ciki yayin da ake murɗawa. Na yaba da an saka 'yan sukurori huɗu na gyaran sauti a ƙasa, don su yaro zai iya murɗawa da kansa. A saita tsirkiyar A a kan 440 Hz (awon kaifin sauti), sannan sauran ukun, wato D, G da E. Tsirkiyar da ta zo da shi tana da kaushin sauti, gara a sauya, amma ɗaya bayan ɗaya. In aka kwance duka lokaci guda, ɗan ginshiƙin da ke cikin gogen yana iya faɗuwa.

Sandar izga tana da nauyi daidai hannun yaro. Sabuwar izga ba ta kama tsirkiya sai ta sha ƙaro sosai, kuma ƙaron ya zo da santsi, sai an ɗan kankare fuskarsa. Daga nan shafa uku ko huɗu duk bayan 'yan kwanaki sun wadatar. A ɗaure izga har tazararta da sanda a tsakiya ta kusa kaurin fensir, a sassauta bayan an gama, kuma kada yatsa ya taɓa ta saboda maiƙo.

Wajen atisaye, minti 10 zuwa 15 kullum ya fi awa guda a mako. Makonnin farko a tsaya kan tsirkiya ba tare da danna yatsa ba, gaban madubi, izga tana tafiya a miƙe tsakanin jaki da baƙin katako. Idan sauti ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, an danna da ƙarfi ne alhali hannu na tafiya a hankali. Idan ya yi fito, nauyin ne ya yi kaɗan. Matokarin kafaɗar kuwa yana yawan suɓucewa, soso da robar ɗauri sun fi shi zama a kafaɗar ƙaramin yaro.